Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Yaya Ake Auna Yaro Mai Tsaron Baya?

 

Bara bayan girbi an yi wata gasar ƙwallon ƙafa ta matasa a yankinmu na Karaye da Rogo, irin wadda akan yi idan masara da shinkafa sun shiga gida, aljihu ya ɗan yi nauyi. Ranar wasan ƙarshe muna bakin fili. Filin wata makarantar firamare ne, an kewaye shi da igiya, masu rake da masu awara sun baje kolinsu. Cikin 'yan wasan akwai wani dogon yaro mai lamba 5 a bayan riga. Ana saura 'yan mintuna a tashi, ɗan gaban abokan karawarsu ya tsere da ƙwallo, ya rage daga shi sai gola. Yaron nan ya biyo shi a guje, ya zube ƙasa ya share ƙwallon daga ƙafarsa. Ƙura ta tashi, fili ya kaure da ihu. Wani ya ɗauka a waya, kafin sallar isha bidiyon ya zaga Facebook da WhatsApp, an raɗa masa suna "Van Dijk ɗin yankinmu". Har da mu a masu yaɗawa. Abin da muka rubuta a ƙasan bidiyon shi ne, wannan yaro ya fi ƙarfin Najeriya.

Bayan sati uku mahaifinsa ya aiko a kira mu. Muka same shi a zaure, aka gaisa, aka kawo fura. Ya ce wani mutum ya zo daga birni da hotunan 'yan wasa cike da wayarsa, ya ce yana da hanyar kai yaron gwaji ƙasar waje. Ana buƙatar kuɗin fasfo da biza da jirgi, kuma idan aka haɗa kuɗin sun yi daidai da farashin gonarsa ta fadama, wadda yake noman rani a cikinta. Sai ya dube mu ya ce: "'Ya'yana, an karanta mini abin da kuka rubuta. Ni ban san ƙwallo ba, noma da kiwo na sani. Idan aka kawo mini saniya, daga haƙoranta zan gaya muku shekarunta. Ku da kuka sani, ku gaya mini tsakaninku da Allah, yaron nan zai kai?"

Muka yi shiru. Muka ce: "Baba, a ba mu lokaci mu sake kallon sa." Gaskiyar magana ita ce, a wasa ɗaya muka taɓa ganin sa, a cikin wasan ma daƙiƙa goma muka riƙe. Ra'ayinmu a yau shi ne, duk wanda bai zauna ya kalli mai tsaron baya a wasanni da yawa ba, bai san ainihin shekarunsa ba, bai ga ya kara da waɗanda suka fi shi ba, to ba shi da hurumin cewa zai kai ko ba zai kai ba. Mu ma ba mu da shi ranar da muka yi wancan rubutu.

ME YA SA ƊAN BAYA KE DA WUYAR AWO?

Ɗan gaba lissafinsa a fili yake. A kakar 2009/2010 Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a babbar gasar ƙasa yana ɗan shekara 17. Ba a buƙaci dogon bayani ba, kafin shekarar 2010 ta ƙare yana VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Ko wanda bai taɓa zuwa filin Sani Abacha ba ya san ma'anar 18.

Mai tsaron baya kuwa mafi yawan aikinsa abin da ya hana faruwa ne. Fasin da ɗan tsakiya ya so bayarwa ya fasa domin ya ga an tare hanya. Ɗan gaban da ya wuni yana faɗawa satar gida domin akwai mai jan layi yadda ya kamata. Waɗannan ba sa shiga bidiyon daƙiƙa talatin, ba a yi musu tafi. Idonmu na 'yan kallo zubewa ƙasa yake so, da ƙura, da ƙwallon da aka dako ta faɗa gonar maƙwabta.

Da muka nemo cikakken bidiyon wancan wasa muka mayar da shi baya kaɗan, sai muka ga abin da ihu ya rufe mana. Kafin ɗan gaban ya tsere, yaronmu ne ya bar wurinsa ya bi ƙwallo har tsakiyar fili, ya bar ƙofa a buɗe. Wato sharar da muka yaba gyaran ɓarnarsa ce. Ya cim ma ɗan gaban ne domin ya fi shi gudu. A gasar ƙwararru ɗan gaba ba ya jiran kowa. Idan ma ka cim masa ta baya a cikin da'ira, sau da yawa ƙarshen abin bugun fenareti ne, wani lokaci har da jan kati.

Daga nan muka bi yaron wasanni shida, wasu a Karaye wasu a ɓangaren Rogo. Muka yi wa kanmu sharaɗi: ko ƙwallo tana ina, idonmu na kansa. Ga abubuwan da muka duba.

ABIN DA AKE DUBAWA

Na farko, kansa da idonsa lokacin da ƙwallo take nesa. Mai tsaron baya na ƙwarai ba ya daɗewa bai waiwaya ba. Yana son ya san ina ɗan gaba ya laɓe, ina abokin tsaronsa yake, tazarar da ke tsakaninsa da gola nawa ce. Idan ƙungiyarsa ce ke kai hari, shi a lokacin yake shirin abin da zai faru idan aka ƙwace ƙwallo. Yaro mai wannan ɗabi'a za ka ga kamar ba ya wahala, rigarsa ma ba ta cika datti ba, domin ya riga ƙwallo isa inda za ta faɗo. Namu yaron a nan yake da rauni. Ƙwallo yake kallo kamar ɗan kallo, sai an wuce shi yake farga.

Na biyu, juyi da haƙuri. Gudun miƙe daban, juyawa daban. Dogon yaro yakan yi gudu kamar barewa idan hanya a miƙe take, amma idan aka yanke shi hagu aka dawo dama sai ya zama kamar tirela a lungu. A duba yadda yake ja da baya yana fuskantar ɗan gaba, yadda yake karkata jikinsa ya tura shi gefen layi ko ƙafarsa maras ƙarfi, da ko yana iya jira har ɗan gaba ya tura ƙwallo ta yi masa nisa kafin ya sa ƙafa. Wanda yake saurin zubewa ƙasa ya ba da kansa, idan aka tsallake shi shi kenan. Yaronmu yana da gudu sosai, juyinsa ta hagu yana da nauyi, kuma tun da aka yi masa wancan ihu ya ƙara son zubewa. Wannan laifinmu ne mu 'yan yabo.

Na uku, ƙwallo a ƙafarsa. Tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. A 2019 kuma aka sauya doka, ya zama ɗan baya na iya karɓar bugun gola a cikin da'ira. Waɗannan sauye-sauye biyu sun mayar da mai tsaron baya mafarin hari. Koci a yau yana son wanda za a ba ƙwallo ana matsa masa, ya tsayar da ita, ya ɗaga kai, ya miƙa wa ɗan tsakiya. A nan dole mu yi wa yaranmu adalci. Filin da yake cike da tsakuwa da kwari da sawun shanu ba ya barin ƙwallo ta gangara daidai, ga 'yan kallo suna ihun "fitar da ita!" Yaro ya tashi a haka, dako ya zame masa jiki. Don haka idan ka ga yaro a irin wannan fili yana iya tsayar da ƙwallo ya ba da fasin a ƙasa, to ka ga abu mai daraja. Namu yana da kyakkyawar ƙafar dama, yana iya aika doguwar ƙwallo ta sauka inda ya nufa. Ƙafar hagu kuwa ta tsayuwa ce kawai.

Na huɗu, ƙwallon sama. Mukan ruɗu da tsawo. Fabio Cannavaro na Italiya tsawonsa mita 1.76 ne, gajere a cikin masu tsaron baya, amma shi ya ɗaga kofin duniya a matsayin kyaftin a 2006, ya kuma karɓi kyautar Ballon d'Or a shekarar. Abin dubawa shi ne lokacin tashi, da inda ake aika ƙwallon. Wanda ya buga da kai ta faɗo gaban da'ira ya ba abokan gaba dama ta biyu. Yaronmu yana cin ƙwallon sama kusan duka, sai dai ba mu ga ya haɗu da ɗan gaban da ya kai shi tsawo ba, saboda haka wannan maki a rataye yake.

Na biyar, baki. Wannan ya shafi tarbiyyarmu kai tsaye. Mai tsaron tsakiya shi yake ganin fili gaba ɗaya, shi ya kamata ya ce a matso, a ja baya, wane ka riƙe wane. Amma mun tashi a inda yaro ba ya ɗaga wa na gaba da shi murya, kuma abu ne mai kyau. Abokin tsaron yaronmu ya girme shi da kusan shekara bakwai, abokin yayansa ne. A wasanni shida ba mu ji ya ce masa uffan ba. Sau biyu aka ci su ƙwallon da kalma ɗaya za ta hana. Muka tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, ai da kunya in yi masa tsawa a gaban mutane." Muka ce masa ba tsawa ake nema ba, faɗakarwa ce. "Yaya, bayanka!" ba rashin kunya ba ne. Direba ma yaron mota ke gaya masa ya tsaya ko ya taho, ba wanda ya ce ya raina shi.

Na shida, zuciya. Kuskuren ɗan gaba mantuwa ake yi da shi, na ɗan baya a allon sakamako ake rubuta shi. A duba minti goma da suka biyo bayan kuskure: ya ɓuya ne, ya huce a kan ƙafar wani, ko ya ci gaba da wasansa? Mutanen Kano ba za su manta ranar 17 ga Yunin 2010 ba. Najeriya tana gaban Girka da ci ɗaya a gasar kofin duniya ta Afirka ta Kudu, sai Sani Kaita, ɗan wasan tsakiya mai taimakon baya, ya kai wa ɗan Girka ƙafa a wajen layi, aka ba shi jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 2 da 1 Girka ta yi nasara. Ba don tozarta shi muka kawo wannan ba, ɗan wasa ne da ya yi wa ƙasa hidima. Darasin shi ne, ɓacin ran daƙiƙa ɗaya yana iya cinye aikin shekaru. A nan yaronmu ya fi burge mu. An yi masa gula a baki har ya yi jini, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa bai rama ba. A wani wasa ya yi kuskure aka ci su, bayan minti biyu ya ɗaga hannu yana neman a sake ba shi ƙwallo. Tsayuwa a fili da ƙafar hagu ana koyar da su. Wannan hali kuwa da wuya koci ya dasa shi idan babu.

DA WA AKA GWADA SHI, KUMA SHEKARUNSA NAWA?

Duk makin da ke sama ba shi da ma'ana sai an amsa waɗannan tambayoyi biyu. Mutumin da ya zo daga birni ya ce wa mahaifin za a rage wa yaron shekara uku a takarda, wai kowa haka yake yi. Takardar firamarensa ta nuna ya cika 18. Ɗan 18 da yake murƙushe 'yan 15 bai nuna komai ba sai girman jiki. Ga mai tsaron baya cutar ta fi yawa, domin muddin ƙarfi yana fisshe shi ba zai koyi karanta wasa ba. Ranar da ya haɗu da sa'anninsa na gaskiya sai a ga babu komai a ƙasa. Kuma asiri yana tonuwa. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano, FIFA take amfani da na'urar hoton ƙashi tana duba wuyan hannu, domin ƙashin wurin yana haɗewa idan mutum ya gama girma. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji gab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015.

Sai batun abokan karawa. Wanda ya fi kowa a Turawa ko Yammedi, ko a Zarewa da Fulatan, ya fi kowa ne a nan. Mu yi lissafi mai sauƙi. Babbar gasar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne. Kowace tana fara wasa da masu tsaron tsakiya biyu, wato gurbi 40. Ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 ne, Kano kaɗai tana da 44, kuma kowace tana da yaron da ake ce wa ba kamarsa. Ko da gwani ɗaya tak kowace ta kawo, mutum 774 ne ke neman kujera 40, ban da waɗanda suke zaune a kai tun tuni. Wannan a gida kenan, ba a yi maganar Turai ba.

Tsani kuma a bayyane yake. Daga gasar gari sai ƙungiyoyin birnin Kano da gasannin matasa irin kofin Ramat da ake yi a Kano, sai rukuni na uku na ƙasa, sai na biyu, sai babbar gasa, wadda Pillars ta ci kofinta a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ta Pillars ya bi kafin ya fita Kuwait da Fotugal, ya samo tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya je kofin duniya na 2018. Godfrey Oboabona yana Sunshine Stars ta Akure marigayi Stephen Keshi ya ɗauke shi, ya tsare bayan Najeriya har aka ci kofin Afirka na 2013. Keshi kansa tsohon mai tsaron baya ne, ya san abin da yake nema, kuma a gasar gida ya gan shi. Kowane mataki awo ne. Wanda ya ce zai ɗauke yaro daga filin firamare ya dire shi Turai, ya tsallake duk ma'aunan da za su nuna gaskiya.

GAGGAWAR YABO DA GAGGAWAR YANKE ƘAUNA

Kuskure a wannan awo ta fuska biyu yake zuwa, kuma muna da misalai a gida.

Musa Muhammed haifaffen Kano ne, mai tsaron baya ta dama. Shi ne kyaftin ɗin tawagar 'yan ƙasa da 17 da Manu Garba ya jagoranta ta ci kofin duniya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013. A wasan ƙarshe da aka doke Meziko 3 da nema, shi ya ci ta uku da bugun tazara. A daren nan da an tambaye mu, da mun rantse cewa manyan ƙungiyoyin Ingila ko Sifen ne makomarsa. Ya zama ƙwararre, ya ci abinci da ƙwallo a Turkiyya da Bosniya da Bulgeriya da Kuroshiya, kuma wannan nasara ce da dubban yara ba su samu ba. Amma ba ita muka yi hasashe ba.

Zaidu Sanusi ɗan Jega ta jihar Kebbi kuwa, wanda aka haifa a 1997, ba ya cikin waccan tawaga. Garinsu ba babban birni ba ne, kamar dai namu. Da ya je Fotugal, a Mirandela ya yi shekaru, ƙungiyar rukuni na uku. Sai 2019 ya shiga babbar gasar ƙasar tare da Santa Clara yana ɗan shekara 22, a 2020 Porto ta saye shi. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica a gidanta a mintunan ƙarshe, ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar.

Shi kansa Van Dijk da muke ara wa yaranmu sunansa, yana matashi a Willem II ba a ɗauke shi wani abin a zo a gani ba, har wanke-wanke ya yi a gidan abinci. Ya tafi Groningen a 2010, Celtic a 2013, Southampton a 2015. Sai a Janairun 2018, yana da shekara 26, Liverpool ta biya fam miliyan 75 a kansa. Ɗan baya a hankali yake nuna, domin sana'arsa ta gogewa ce, sai ya ga yanayi iri ɗaya sau ɗari kafin jikinsa ya riƙa amsawa da kansa. Saboda haka wanda ya ce wa ɗan 18 "ka isa" ya yi gaggawa, wanda ya ce masa "ba za ka iya ba" shi ma ya yi gaggawa. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne: ga abin da yake da shi, ga abin da ya rasa, ga mataki na gaba da zai gwada shi.

MAGANAR KUƊI

Dokar FIFA ta hana a sauya wa yaro ƙungiya zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyayensa su ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa ƙungiyarsa ta Holan. To mutumin da ya ce zai mayar da ɗan 18 ɗan 15 sannan ya kai shi waje, maganarsa ta ci karo da kanta. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske takan aiko da takardar gayyata da sunanta, wadda za a iya bincika, kuma a al'ada kuɗi daga ƙungiya suke fitowa su zo wa ɗan wasa. Har ma akwai tsarin da ya ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa domin ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, amma sai wadda ta yi masa rajista a hukumance. Yawancin ƙungiyoyin garuruwanmu ba su da ko littafin sunaye. Idan aka ce uba ne zai sayar da gona domin a duba ɗansa, to gonar ake so.

ABIN DA ZA A CE MANA

Mun san wasu za su ce muna kashe wa yara gwiwa, yabon gwani ya zama dole. Wasu za su ce masu farautar 'yan wasa ba sa zuwa Rogo, ba sa zuwa Karaye, in ba a yi ihu a intanet ba wa zai san da yaron? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma mun yarda da rabinta. Gaskiya ne ɗan ƙauye yana fara tsere daga baya, kuma waya ta buɗe ƙofar da a da take rufe. Ba mu ce a daina ɗora bidiyo ba. A ɗora cikakken wasa, a faɗi shekarun gaskiya, a faɗi da wa aka kara. Kocin da ya san aikinsa ya fi amfana da minti 90 na yaro yana tsayawa daidai fiye da daƙiƙa goma na ƙura. Ihun da muka yi bai jawo koci ko ɗaya ba, wanda ya jawo shi ne mai neman gonar fadama.

Muna kuma da kira ga masu sa kofi a yankinmu. Karaye da Rogo mazaɓar tarayya ɗaya ce, kuma tun 2024 su biyun ne ƙasar masarautar Karaye. Gasar sati biyu ta fitar da wanda aka ci tana ba yaro wasa uku ko huɗu a shekara, wannan ba ya isa a auna kowa. Gasar zagaye tsakanin garuruwa, gida da waje, da rajistar 'yan wasa da takardar haihuwa, da fili ɗaya da aka share aka daidaita, da tura matasa biyu ko uku su koyo horarwa, sun fi babban kofi da babur na rana ɗaya amfani.

AMSAR DA MUKA KAI

Mun koma wurin dattijon bayan wata biyu. Muka ce: "Baba, da farko muna neman afuwa, abin da muka rubuta mun rubuta ne cikin zumuɗi. Ɗanka yana da gudu, yana da ƙafar dama, yana da sanyin zuciya irin wanda ba a saya. Bai iya tsayuwa ba tukuna, ba ya magana, ƙafar hagunsa ba ta aiki. A yau bai kai babbar gasar Najeriya ba, balle waje. Nan da shekara uku ko huɗu, idan ya samu koci da abokan karawa da suka fi shi, yana iya kaiwa, yana iya kuma tsayawa a hanya. Kada a sayar da gona. Kada a taɓa shekarunsa. Ya gama sakandare, a nema masa ƙungiya a Kano inda zai zauna wurin dangi, a ga yadda zai yi da 'yan gaban birni kaka ɗaya."

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce: "Wannan ta fi kama da maganar da na saba ji a kasuwar shanu. Allah ya yi muku albarka." Yaron kuwa ranar bai ji daɗinmu ba, ya fi sati ba ya amsa gaisuwarmu da sakin fuska. Ba mu ga laifinsa ba, mu muka hau da shi sama muka sauko da shi. Yanzu yana Kano yana atisaye da wata ƙaramar ƙungiya, kuma labarin da ya zo mana shi ne wasanni uku na farko a benci ya yi su. Gonar tana nan, an sa mata albasa da tumatir bana.

'Yan uwa, da yawa a cikinmu muna rubutu a kan matasan garuruwanmu, kuma akwai iyayen da ake karanta wa abin da muka rubuta su ɗauke shi hujja. Wanda yake da irin wannan yaro a garinsu, ya je ya kalle shi wasa biyar ko shida, idonsa a kansa ba a kan ƙwallo ba, sannan ya zo ya gaya mana abin da ya gani. Wanda kuma yake ganin mun tsaurara, fili a buɗe yake, muna sauraro.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya tsare su daga macuta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.